Cokali Ɗaya a Shafe

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a ɗakin malamai a tare ni, ranar nan har wurin ɗaurin aure a Kusada wani ya matso ya ce, "Malam Iro, wai da gaske ne burodinsu na can ya kai kamu biyu?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntun da ya yi mashi daɗi ya ƙara nashi. Shi ya sa na zauna in rubuta shi tun daga farko, har da wurin da na ji kunya, don shi ne nake tsallakewa in ina faɗa da baki.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Kaikai ne. Na daɗe ina malamin asibiti a Kusada kafin a ɗauke ni koyarwa a wata makarantar ma'aikatan lafiya nan Kankiya. Abin da nake koyarwa shi ne yadda ake rubuta bayanin lafiya mutum ya karanta ya yi abin da ake nufi: takardar shan magani, sanarwar rigakafi, rahoton da ake aikawa ofis. Wata tsohuwa ce ta sa ni a wannan hanya. Na ba ta maganin jikanta na ce a ba shi sau uku a rana. Bayan kwana huɗu ta dawo da yaron ya ƙara lalacewa. Na tambaye ta, ta ce, "Malam, ai kwana biyu hadari a kai, rana ba ta hito ba." Tun daga ranar na sayi littafi, duk maganar da muka faɗa aka ji ta daban sai in rubuta. Yanzu littattafan sun zama biyar.

A bana, da kuɗin man fetur suka shigo, aka fara sababbin gine-gine a makaranta, sai aka ce za a sake tsarin darussa. Shugabanmu, Malam Sada, ya kira ni ofis ya ce, "Iro, ba ni na ƙi ba. Masu tsarin sun ce abin nan naka ba fanni ba ne, fassara ce, kowane akawu zai iya. Za su cusa shi cikin darasin Ingilishi. In kana son ya tsaya da ƙafarshi, kuma kana son in sa hannu a takardarka ta zuwa jami'a, kawo mani shaidar cewa masana sun san da shi."

Na ce, "Ranka shi daɗe, zan kawo." Wallahi a lokacin ban san daga ina ba.

Ba a yi wata ba sai ga wasiƙa daga Mushe Haruna (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan bokon can), wani ma'aikacin jinya na Maraɗi da muka taɓa yin aikin rigakafi tare a ƙauyukan bakin iyaka. Ya ce za a yi taron likitoci da malaman jami'a a Yamai kan gudawar yara, ya kuma ba da sunana. Lokacin ana ta maganar ruwan gishiri da sukari, wanda uwa za ta haɗa a gida ta riƙa ɗura wa yaro kafin a kai shi asibiti. Na zauna na rubuta takarda mai shafi ɗaya kan yadda ake haɗa shi, na buga ta da injin hannu na ofis. Rabi na raba wa malaman asibiti na Kusada, Kaikai, Ƙofa da Kunduru don su ba mutane, rabi na ɗaure a kwali. Ban taɓa rubuta abin da ya yi mani kyau kamarta ba.

Na bar Kankiya da hantsi, tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Daga nan zuwa Katsina babu abin faɗa. A tashar Jibiya ne aka haɗa ni kujera da Hajiya Dije, wata dattijuwa 'yar Kunduru mai kai daddawa Maraɗi. Buhunta na ƙarƙashin ƙafafuna, kwalina na kan cinyata, kafin mu yi nisa rigar da na goge don taro ta ɗauki ƙamshin da bai bar ta ba har Yamai. Hajiya ta leƙa kwalin ta ce, "Ɗan nan, magani kake saidawa?" Na ce a'a, bayanin magani nake rubutawa. Ta dube ni ta ce, "To, Allah shi ba kowa abin yi."

Wajenmu aka duba takardar tafiyata aka buga hatimi ba gardama. Da muka tsallaka ɓangarensu sai aka ce kowa ya fito da katin rigakafi. Na laluba aljihu, na zazzage jaka, babu. Na bar shi a kan teburina na Kankiya, inda na yi amfani da shi na nuna wa ɗalibai yadda ake cika shi. Haka aka jera ni da masu awaki da masu goro a gindin bedi, wani ma'aikaci ya naɗe mani hannun riga ya tsira mani allura. Yana yi yana lallashina, wai kada in ji tsoro, ba ta kisa. Ban gaya mashi sana'ata ba.

Ina cikin murza hannu sai wani jandarma, wato ɗan sandansu na hanya, ya ɗora sandarshi kan kwalina ya ce, "Mi ne ne cikin kwalin ga?" Ya kwance ya ga takardu iri ɗaya jibge, fuskarshi ta canza. Ƙasarsu soja ke mulki, takarda mai yawa ba abin wasa ba ce. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ya yi lakwal, makarantar bokonsu ke nan, amma da Faransanci, haruffanmu masu lanƙwasa ba su shige mashi ba. Ya ce in karanta da ƙarfi. Na tsaya gaban mutanen mota biyu na fara: "Idan yaronki yana zawo kamar ruwa..." Aka fashe da dariya. Hajiya Dije ta taso da mayafinta ta ce mashi, "Haba ɗana, dubi mutumin ga. Wanda ya mance katinshi shi ne za ya kada gwamnati?" Jandarman ya yi murmushi, ya mayar da igiyar kwalin da kanshi. Da mota za ta tashi ya zagayo ta taga, ya rage murya ya ce ɗiyarshi na fama da abin nan, ko akwai abin da zan gaya mashi. Na yi mashi bayani da baki, na nuna mashi awon gishirin a tafin hannuna, na ce gobe-gobe a kai ta asibiti.

Mun shiga Maraɗi bayan azahar. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci wata unguwa ce ta Katsina, har sunayen gidaje da irin gaisuwa. Sai ka buɗe baki ka tambayi hanya sannan ka san ka bar gida. Na tambayi wani mai shayi inda zan sami likita, ina nufin babban da Haruna ke aiki ƙarƙashinshi. Ya nuna da hannu ya ce, "Ga ta can, mai jan kwano." Na ce a raina wace irin mace ce wannan mai jan kwano? Ashe su ginin asibiti suke kira likita, mutumin kuwa lokotoro. Nan take na ciro littafina na rubuta.

Na tarar da ofisoshi a rufe. Su da rana ta take kowa gida yake tafiya ya ci ya kwanta, ba a dawowa sai wajen la'asar, daga babban ma'aikaci har masinja. Na zauna a inuwa har Haruna ya iso a kan babur ɗinshi. Ya rungume ni ya kai ni gida, matarshi ta kawo fura mai kauri da nono wanda ko a rugagen Kaikai ban sha irinshi ba. Ya ce ba zai sami zuwa taron ba, aiki ya riƙe shi. Ya ɗauki takardata ya karanta a hankali yana gyaɗa kai, ya ce, "Malam, ta yi." Yanzu na gane mu biyun duk ma'aikatan asibiti ne, abin da na nufa shi ya gani, ba abin da na rubuta ba.

Da safe aka ba ni burodin da ake tambayata. I, dogo ne kamar sandar makiyayi, bayanshi tauri har ya kankare mani dasashi, cikinshi laushi. Tsoma shi suke cikin gahawa da madara a kwano, ba a kofi ba. Mutum ya saye shi ya maƙale a hammata ba ko takarda, ya hau keke. Ni da nake koyar da tsabtar abinci na kau da kai na ci.

Daga Maraɗi zuwa Yamai yini guda ne cur in Allah ya kiyaye. Mu bai zo mana da sauƙi ba. Bayan Ƙonni muka tarar da ruwa ya cinye wani kwari, motoci sun yi layi. Direbanmu, wani siririn mutum mai yawan rantsuwa, ya ce shi ya san wurin kamar tsakar gidansu. Muka shiga, muka kai tsakiya, mota ta yi tari sau biyu ta mutu. Maza duka aka sauka turi. Na naɗe wando, na ɗora kwalin a ka na riƙe da hannu ɗaya, ina turi da ɗayan, wanda aka yi wa allura, ga shi ya kumbura. Takalmina ɗaya ruwa ya tafi da shi. Wani Bazabarme da ke gefena ya ce in aje kayan mana, ko zinariya ce a ciki? Na ce mashi ko kusa, amma in ta jiƙe gara in koma gida. A Dogon Dutsi na sayi takalmin roba irin na manoma, da shi na shiga babban birninsu.

An sauke mu a wani gidan baƙi na gwamnati kusa da kogi. Ɗakin wanka na ciki, da wani farin kasko da na kasa gane amfaninshi, ban kuma tambaya ba. Buta ce babu. Na fita nema, sai mai gadin gidan, wani tsohon soja mutumin Arewarsu ta wajen Dogon Dutsi da ake kira Baba Noma, ya ba ni aron tashi. Da ya ji daga ƙasar Katsina nake ya ce ya taɓa zuwa cin kasuwa Jibiya yana saurayi, ya shimfiɗa mani tabarma, muka zama abokai. Duk safiya sai ya ba ni hannu, haka ma kowa a gidan. Su in mutum ya shigo ɗaki sai ya bi kowa da musafaha ɗaya bayan ɗaya, ko da jiya kun rabu, ko da mutum talatin ne.

Abincin rana na farko ya ba ni wahala. Aka kawo ɗanyen ganye da tumatir an yayyafa mai. Na duba hagu da dama, kowa na ci. Na ce to, abin da Allah ya hore ke nan, na cika cikina da burodi. Ina gamawa aka kwashe faranti aka kawo kifin kogi da shinkafa, bayan shi nama, bayan shi wani abu mai zaƙi. Ina kallo suna wucewa. Mu a Kankiya abin da za ka ci duka gabanka ake ajewa ka san inda ka dosa. Daga ranar na koyi jira. Da yamma kuwa sai in bi Baba Noma bakin titi mu ci dambu da zogale, in ji na dawo mutum.

Taron kwana biyar ne, an sa ni rana ta uku. Shugabar zaman wata farfesa ce 'yar Senegal, doguwa, ba ta da yawan magana. Akwai tafinta mai juya Ingilishi zuwa Faransanci. Kwana biyun farko na zauna a baya da takalmin robana ina sauraron manya, rabin abin da suke faɗa ya fi ƙarfina. Wani likita mai kwat, wanda ya yi karatu a Turai, ya tsaya kan cewa kada a kuskura a koya wa matan ƙauye haɗa ruwan nan da kansu. Ya ce ba su iya awo ba, gishiri in ya yi yawa yana iya kashe jariri, a jira sai an kawo ƙullin da aka auna a masana'anta. Na san gaskiya ce ya faɗa game da gishirin. Amma na san kuma da damina motar magani ba ta isa Ƙofa sai a yi wata, yaro mai gudawa kuwa kwana biyu ya ishe shi.

Da aka kira ni na ba da labarin tsohuwar nan da ranarta, na karanta misalai daga littattafaina, aka yi dariya inda ya kamata. Na ce matan ƙauye sun iya awo, su da ke auna kanwa da gishirin miya kullum, mu ne ba mu iya faɗa ba. Sai ƙarfin hali ya ɗebe ni. Na roƙi Farfesa ta bari in nuna. Na sa aka kawo ruwa, kwalabe, gishiri, sukari da cokali daga madafa, na fita na kira Baba Noma. Ya shigo da tsohuwar hularshi ta soja ya ƙame gaban tebur. Na ce zan karanta mashi takardata kalma bayan kalma, ba ƙari, shi kuma ya yi abin da ya ji.

"A zuba tafasasshen ruwa kwalbar lemo biyu a kwano mai tsabta." Ya zuba. "A sa sukari ƙwaya biyar." Ya ƙirga ya sa. Na dubi likitan mai kwat. "A sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe."

Baba Noma ya ɗauki cokalin, ya kama bakin rigarshi ya shafe shi tas, ciki da baya. Sannan ya luma shi cikin gishiri ya ɗebo, ya yi tozo kamar tulin gyaɗa a sheƙa, ya juye cikin ruwan.

Ni abin da nake nufi a shafe bakin cokalin, gishirin ya yi daidai da baki. Abin da ya zuba ya kusa ninka haka sau uku. Likitan ya jingina da kujera ya harɗe hannu. Baba ya dube ni ya ce, "Malam, na ɓata ne?"

Na ce, "A'a Baba, ba ka ɓata ba. Ni na ɓata." Na juya ga tafinta na ce ya faɗa masu haka, kada ya gyara. Na ce wannan mutum ya yi daidai abin da takarda ta ce. Na ce duk takardar da na taɓa rubutawa sai na karanta wa mutum uku da ba ma'aikatan asibiti ba kafin in buga, wannan kaɗai ce ban yi wa haka ba, saboda sauri da kuma yadda ta burge ni. Sannan na ɗauki cokalin na nuna wa Baba abin da nake so, na ce, "In kai ne za ka gaya wa iyalinka, ya za ka ce?"

Ya yi ɗan tunani ya ce, "Sai in ce ta cika cokali, ta sa tsinke ta kankare tozon shi zube. Kuma Malam, mace ba ta ba yaro abin da ba ta ɗanɗana ba. Ka ce mata in ya hi hawaye gishiri ta zubar."

Na rubuta a bayan takardar yadda ya faɗa. Farfesa ta ce a kira wani wanda bai ga abin da ya faru ba. Aka kira wata mai wanke-wanke daga madafa, Bahaushiya 'yar Tawa. Na karanta mata sabon. Ta nemi tsinke, babu, ta ciro na tsintsiya ta wanke, ta kankare cokalin, ta juya ruwan, ta ɗanɗana a bayan hannunta. Likitan mai kwat ya taso da kanshi ya ɗanɗana. Ya ce mutum biyu ba hujja ba ce. Farfesa ta ce gaskiya ne, shi ya sa ake bincike, ta tambaye ni ko zan iya gwada wannan a kan mata da yawa in rubuta abin da na samu. Na ce zan iya.

Ana ta ba ni hannu, ni kuwa hankalina ba ya ɗakin. Rabin takardun nan suna Kusada da Kaikai da Ƙofa da Kunduru, da sunana a ƙasansu, kuma damina ce, lokacin gudawa. Na yi tunanin buga waya, amma waya iyakarta Katsina, kafin saƙo ya kai Ƙofa gara ƙafata. Saura kwana biyu a tashi taro, har da yawon kogi da ɗaukar hoto. Na sami Farfesa na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "Me kake jira?" Ta rubuta mani adireshinta a bayan takardar tsarin taro. Na mayar wa Baba Noma butarshi, na bar mashi kwalin na ce ya hura wutar shayi da su. Ya raka ni har bakin titi yana cewa, "Allah shi sa ka iske alheri."

Komowar ba ni da labarinta, don ban ga komai ba. Ruwan kwarin ya janye. A Maraɗi ban sauka ba, saƙo na bar wa Haruna wurin mai shayi. Kwana ɗaya da yini na iso Kankiya, ban shiga makaranta ba, na aje jaka na ɗauki babur.

A Kusada malamin asibitin bai raba ko ɗaya ba, suna cikin aljihun tebur. Ban taɓa jin daɗin sakacin mutum ba sai ranar. A Kaikai an raba kaɗan, muka bi gida-gida da mai unguwa muka karɓo. A Ƙofa wata mata ta miƙo mani tata ta bayan zana ta ce, "Mijina ya karanta mani na haɗa, da na taɓa a harshe na zubar. Malam, wanda ya rubuta wagga bai taɓa shiga madahi ba." Na ce mata gaskiyarta, bai taɓa ba.

Kunduru na isa da la'asar, babur ya kafe sau biyu a laka. Malamin asibitin wurin, Malam Lawal, yana ganina ya ce dama yana nemana. Kwana uku da suka wuce an kawo mashi wata yarinya 'yar wata tara tana fizge-fizge, bakinta ya bushe, an ce ruwan takarda aka yi ta ba ta. Allah ya sa ya gane da wuri, ya samo mota aka kai ta babban asibiti. Jiya aka dawo da ita.

Ya kai ni gidan. Uban, Malam Mamman, manomin gyaɗa ne, ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatun boko. Ya fito da takardar daga cikin hularshi, ya ninke ta da kyau kamar laya. Ya ce, "Malam, wallahi yadda ta ce haka muka yi. Har cokalin ni na shahe shi da kaina."

Na ce, "Na sani. Ni na rubuta ta, kuskuren nawa ne. Ku yafe mani."

Ya sake ninke takardar. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa matarshi ta kawo ruwa da gishiri da cokali, ga mai takardar ya zo da kanshi. Ta fito zaure da yarinyar a goye, ta rame amma idonta a buɗe, tana wasa da bakin zane. Na karanta maganar Baba Noma. Uwar ta karyo tsinke daga zana ta kankare cokalin, ta ɗanɗana, ta miƙo mani kwanon ba tare da ta dube ni ba. Na kurɓa, daidai. Malam Mamman ya ce in rubuta mashi sabon a bayan tsohon. Na ce tsohon zan tafi da shi. Ya ce a'a, shi ma yana son ya riƙa nuna wa mutane wanda ba a yi.

Sauran damina na yi ta ina yawo da cokali a aljihu, ni da ɗalibaina, muna karanta wa mata sabuwar takardar ƙauye-ƙauye muna rubuta abin da kowace ta yi. Sau biyu muka sake gyara ta. Na haɗa rahoton na aika wa Farfesa. Bayan an yi girbi amsarta ta zo, ta ce za a buga shi cikin littafin taron, ta haɗo da wasiƙa zuwa ga shugaban makarantarmu.

Na kai wa Malam Sada duka biyun. Ya karanta wasiƙar, ya ce darasin zai tsaya, ya jawo takardata ta jami'a ya sa hannu. Sannan ya buɗe rahoton. A shafin farko na manna tsohuwar takardar yadda take, da sunana a ƙasa, da labarin yarinyar Kunduru ba tare da sunanta ba. Ya cire tabarau ya ce, "Iro, wannan fa har ƙasashen waje za a karanta shi. Kai da hannunka za ka buga kuskurenka? Cire shafin nan, sauran ya isa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, duk abin da ke cikin rahoton nan ana iya yi mani gardama a kanshi, ban da wannan shafin. Shi na gani da idona."

Ya mayar da tabarau, ya sake karanta shafin tun daga sama. Da ya gama ya tura mani rahoton ya ce in bar shafin yadda yake, in kuma sa a buga kwafinshi guda, a manna a ƙofar ajina kafin sababbin ɗalibai su iso.